In Za Ka Ari Levi, Ka Are Shi Da Halinsa

A makon jiya wata ƙawata ta turo min wani labari da ta tsinto a intanet, ta ce, "Na Levi ne, ki karanta, sai kin gode min." Na buɗe da zumuɗi. A babin farko an mayar da shi shugaban kamfani mai kwat da dogon ofis, wannan bai dame ni ba. Can gaba kaɗan sai ga shi ya fizge wayar yarinyar ya rotsa ta da ƙasa don kawai ta gaisa da wani abokin aikinta. Ban gama haɗiye wannan ba na tarar da shi durƙushe cikin caɓi, ruwan sama na dukansa, yana kuka yana rera mata baitocin soyayya.

Levi fa! Levi na Attack on Titan, shirin zanen nan na Japan, wanda ko a bakin daga in jini ya ɓata masa hannu sai ya zaro ƙyalle ya goge yana tsaki. Mutumin da magana mai daɗi ke yi wa wuyar fita daga baki.

Ga matsayina tun da wuri. Wanda ya ɗauki taurarin wani ya gina labarinsa da su yana da damar sauya musu gari, zamani da sana'a. Yana iya haɗa aure tsakanin mutum biyun da ba su taɓa yi wa juna kallo na biyu ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne a zare wa tauraro halinsa a bar suna da fuska, ba tare da an nuna mana yadda aka yi ya sauya ba. Kuma galibin salon soyayyar da masu karatu ke ƙorafi a kai, in ka tona, wannan ce cutarsu. Ba maimaicin ne ya fi ciwo ba. Abin da ya fi ciwo shi ne salon ya zo ya kori mutumin daga cikin jikinsa.

Ga wanda bai saba ba, fanfik labari ne da mai kallo ko mai karatu ke rubutawa da taurarin wani shiri da yake so. Ba ƙaramar harka ba ce. Dandalin FanFiction.net yana nan tun 1998, kuma labaran shirin Naruto kaɗai a cikinsa sun haura 400,000. Archive of Our Own, wanda aka buɗe wa jama'a a 2009, har lambar yabo ta Hugo ya samu a 2019. A Japan kuwa tun 1975 ake cin kasuwar Comiket a Tokyo, inda masoya ke sayar da littattafan da suka zana da kansu. Soyayya ta yi yawa a wannan fage saboda dalili mai sauƙi: shirye-shiryen da suka fi tashe, irin waɗanda ke fitowa a mujallar Weekly Shonen Jump, na faɗa ne da abota. Marubucin asali ba ya ɓata shafi a kan zance, sai ya bar giɓi, masoya kuma su zo su cike.

Matsalar ita ce da me ake cikewa.

Mutumin da ya narke dare ɗaya

Wannan ne salon da ya fi ba ni haushi, kuma babu wanda ya fi shan wahalarsa kamar Vegeta na Dragon Ball.

Mu tuna waye shi. Ya zo duniya ne da nufin kisa. Abokin tafiyarsa Nappa ma da hannunsa ya hallaka shi, don kawai ya sha kashi. Daga baya wani matashi, Trunks, ya zo daga zamani mai zuwa ya gaya wa Goku, jarumin shirin, a asirce cewa shi ɗan Vegeta ne da Bulma, ƙawar Goku, kuma bayan shekara 3 wasu mugayen mutum-mutumi za su bayyana. Marubucin, Akira Toriyama, ya tsallake shekarun nan uku kusan gaba ɗaya. Da aka dawo labari, ga Bulma riƙe da jariri. Wannan giɓin ne masu fanfik suka daɗe suna rubutu a kai, kuma ba laifinsu ba ne, kowa na son ya san yadda aka yi.

To amma dubi abin da Toriyama ya nuna bayan shekarun. An harbo jirgin da Bulma ke ciki ita da jaririn, Vegeta na wurin, bai ko motsa ba. Babban Trunks ne ya cece su, ya kuma tuhumi uban nasa, shi kuwa ya nuna ko a jikinsa. Ke nan duk labarin da ya sa Vegeta yana kawo furanni yana shafa cikin Bulma a wancan tsakanin, ya saɓa wa abin da ya biyo baya ƙarara.

Sauyin ya zo, amma da tafiyar hawainiya. Sai da mugun nan Cell ya kashe babban Trunks a gabansa sannan muka ga ya haukace ya afka wa abokin gaba ba tare da lissafi ba. Bayan shekara 7, a lokacin Majin Buu, da gangan ya bar matsafi Babidi ya shige shi, saboda yana jin zaman iyali ya sanyaya shi kuma abin na ci masa rai. Ka ji mutum: son iyalinsa ne ya zame masa abin kunya. Sai a ƙarshen wannan ne ya kira ƙaramin Trunks, ya ce tun yana jariri bai taɓa rungumarsa ba, ya rungume shi, ya sumar da shi don a ɗauke shi daga wurin, sannan ya tarwatsa kansa.

Rungumar nan guda ɗaya ta fi duk baitocin duniya nauyi, don an sa mu jira ta shekara da shekaru. Mai fanfik da ya ba mu ita a babi na biyu bai ƙara mana komai ba, ya karya farashinta ne kawai.

Akwai masu rubuta shekarun nan uku da kyau, na karanta su. A nasu, Vegeta na zaune gidan su Bulma yana cin abincinsu ba godiya, yana ɓata na'urar atisaye yana daka tsawa a gyara, ita kuma tana mayar masa da ninki biyu don ba ta taɓa zama mai tsoron kowa ba. Kusancin na shigowa ta tsakanin girman kai biyu, kuma da gari ya waye bai zama wani mutum daban ba. Wannan na yarda da shi.

Kishi da fin ƙarfi da aka sa wa sunan so

Ɗan'uwan wancan salon ne, kuma sau da yawa a labari ɗaya suke zuwa. Kafin mutumin ya narke sai an fara mayar da shi azzalumi. Ya murɗe mata hannu, ya matse ta da bango, ya hana ta magana da kowa, ya bincike mata waya, marubuciya kuma ta ce mana ai so ne ya yi masa yawa.

Mu da muka sha karanta littattafan Hausa na Wattpad da na zaurukan WhatsApp mun san wannan bawan Allah farin sani. Shi ne miskilin mai kuɗin da aka yi wa auren haɗi, mari a farkon littafi, lallashi a ƙarshe. Ina da ƙorafi a kansa ko a can, amma aƙalla can marubuciyar ce ta haife shi, ita ke da iko da halinsa. A fanfik kuwa wani mutum aka ɗauko da ke da tarihinsa, aka cusa masa wannan rigar da ƙarfi.

Rashin fara'a daban, zalunci daban. Levi yana da kaushin baki, yana da saurin hannu in aiki ya kama, ba na musu. Amma akwai wurin da wani sojansa ke kwance yana gargarar mutuwa, ya ɗago hannu jina-jina yana tambaya ko ya yi wani amfani. Mutumin nan mai ƙyamar datti bai yi wata-wata ba ya damƙe hannun, ya ce masa ya yi, ya kuma yi masa alkawarin ƙarasa aikin. Haka Levi ke nuna kulawa: ba ya faɗa, yana yi. Wanda ya kalli wannan ya fito da mai rotsa wayar mace, ban san wane shiri ya kalla ba.

Jarumar da aka mayar 'yar kuka

Don namiji ya fito a mai ceto, dole a raunana macen. Sai ka ga matar da ta saba tsayawa a gaban mutuwa ta koma mai tuntuɓe da suma, kullum ido jage-jage da hawaye.

Riza Hawkeye ta Fullmetal Alchemist ce ke zuwar min a rai. Sojar da ba ta kuskuren harbi. Tsakaninta da shugabanta Roy Mustang akwai abin da duk mai ido ya gani, amma marubuciyar, Hiromu Arakawa, ba ta taɓa sa su furta shi ba har manga, wato littafin zanen, ta ƙare a 2010. Kanar take kiransa, shi kuma Laftanar. Ya ba ta amanar tsaron bayansa, da sharaɗin in ya kauce hanya ta harbe shi. Ranar kuwa da ya samu wanda ya kashe amininsa Hughes, fushi ya rufe masa ido yana neman ƙona shi don ramuwa, ita ce ta ɗora masa bindiga a ƙeya. Ba don ta daina sonsa ba.

Duk wanda zai rubuta soyayyar waɗannan biyu, kayan aiki na nan jibge: laifin yaƙin Ishval da ke cin su duka, sirrin ilimin wuta da mahaifinta ya zana a bayanta, dokar aikin soja da ke tsakaninsu. Amma sai a watsar da duk wannan a ba mu Riza tana leƙen Kanar ta taga tana cizon yatsa don ya fita da wata. Asara ce.

Ɗaya fuskar wannan ita ce ɓata kishiya. In marubuci na son haɗa Naruto da Hinata, sai ya mayar da Sakura mayya mai ihu da son abin duniya. In Sakura yake so, sai Hinata ta zama munafuka mai laɓe. Sakura na da laifinta, ban manta ba. Tun tana ƙarama ta yi wa maraicin Naruto magana marar daɗi, daga baya kuma ta yi masa ƙaryar so don ta hana shi bin Sasuke, abokinsu da ya bar gari. Amma ita ce kuma ɗalibar Tsunade da ta haɗa maganin dafin Sasori ta ceci Kankuro, sannan ita da tsohuwa Chiyo suka gama da Sasorin. Hinata kuwa ita kaɗai ta fito ta tare mugun nan Pain don kare Naruto, tana sane ba za ta iya da shi ba. In soyayyar da kake rubutawa ba ta iya tsayuwa sai an ɓata wata mace, to ba ta da ƙafafu tun farko.

Akwai kuma rashin fahimtar nan da jimla ɗaya za ta warware amma a ja shi babi ashirin: ta hango shi da ƙanwarsa, ta tattara kayanta ta bar gari. Ba zan tsaya a kansa ba. Tambaya ɗaya ce, shin wannan tauraruwar mai gudu ce ko mai tunkara? In mai tunkara ce, labarin ya mutu a babin da aka fara shi.

"Ai kyauta ne, in ba ki so kar ki karanta"

Wannan ce amsar da aka fi ba ni, kuma tana da ƙarfi. Mai fanfik ba a biyansa. Da yawansu ɗalibai ne da ke rubutu a waya cikin dare, wasu ma da harshen da ba nasu ba. Ba ni da hurumin shiga ƙarƙashin labarin yarinya 'yar sakandare in zazzaga mata rashin mutunci, kuma masu yin haka ba na tare da su.

Amma rashin biya ba ya hana a yi maganar inganci. Wanda ya saka rubutunsa a bainar jama'a yana son a karanta ne, mai karatu kuma ya biya da lokacinsa da datarsa. Sannan maganar "kar ki karanta" tana aiki ne in an gaya min abin da ke ciki. Shi ya sa nake girmama wanda ya lika wa labarinsa tambarin OOC, wato gargaɗin cewa halin tauraro ya sha bamban da na asali. Ya fita haƙƙina, in na shiga ni na so. Wanda ya rubuta sunan Levi a sama ba gargaɗi, ya yi min alkawarin Levi ne.

"So yana canza mutum"

Yana canzawa, amma ba ya musanya shi da wani.

Kowace unguwa na da irin mutumin nan da ba ya dariya, gaisuwarsa kalma biyu, yara na ganinsa su watse. Ya yi aure, matarsa kuma ta ce ba ta da abin cewa sai godiya. Je ka bincika, ba waƙa yake mata ba. Shi ne wanda in ta yi tari cikin dare, da asuba magani na kan tebur ba tare da ya ce uffan ba. Shi ne mai gyara mata keken ɗinki kafin ta roƙa, mai tsayawa a ƙofar asibiti tun safe har la'asar fuska a murtuƙe. Son ya fito, amma ta ƙofar halinsa ya fito. Hali zanen dutse, in ji magabata, kuma ba su ce sai in an yi soyayya ba.

Aikin marubuci ke nan, ya nemo ƙofar. Ta ina so zai fito daga mutum irin Sasuke, wanda ya bar gari, ya nemi kashe Sakura, ya dawo da guntun hannu da neman gafara? Marubucin Naruto, Masashi Kishimoto, ya zaɓi ɗan ƙaramin abu: Sasuke ya dungure mata goshi da yatsu, yadda yayansa Itachi ke yi masa. Mutum na iya ƙin wannan aure gaba ɗaya, da yawa sun ƙi shi tun da manga ta ƙare a 2014, amma alamar daga cikin tarihin yaron aka ciro ta.

Wani tauraron ma ƙofar a rufe take, kuma sai a haƙura. Luffy na One Piece, Boa Hancock da kowa ke sumewa a kanta ta yi masa maganar aure, ya ce ba zai yi ba, hankalinsa na kan nama da teku. Mai son ya sa shi soyayya yana da doguwar tafiya a gabansa, ba a yin ta da kallo ɗaya a kan jirgi.

"Ai wata duniya ce daban"

Masu wannan hujja na cewa tunda an ɗauke tauraro daga fagen yaƙi an kai shi jami'a ko shagon shayi, dole ya zama wani. Wani ɓangare gaskiya ne. Levin da bai tashi a ƙazamin birnin ƙarƙashin ƙasa ba, bai binne abokansa ba, zai fi sassauci.

Sai dai a nan ne riƙon hali ya fi zama dole. An cire takobi, an cire dodanni, an cire kakin soja. Me ya rage da zai sa in gane shi? Halin kaɗai. Daɗin irin wannan labari shi ne ka ga Levi mai shagon shayi yana bin tebur da tsumma bayan yaron shago ya riga ya goge, yana riƙe kofi ta baki yadda ya saba, yana zagin ma'aikacinsa amma ya biya masa kuɗin haya a ɓoye. In an cire wannan ma, to marubuciya ta ƙirƙiri sabon mutum ne, kuma babu abin kunya a ciki. Ta raɗa masa suna nata. Abin da nake zargi shi ne sunan aro ya fi jawo masu karatu, shi ya sa ake manne masa.

"To wa ya san halinsa na gaskiya?"

Wannan ce hujjar da ta fi ba ni aiki. Mutum biyu na iya kallon shiri ɗaya su fito da fahimta biyu, kuma shi kansa marubucin asali yakan yi abin da masoya za su ce ba halin tauraron ba ne. Wanda bai gama Attack on Titan ba ya tsaya nan.

A babi na 139, na ƙarshe, da ya fito a Afrilun 2021, Eren, jarumin shirin, da ya daɗe yana magana kamar dutse, wanda ya kalli Mikasa da suka tashi tare ya ce ya tsane ta tun suna yara, sai ga shi zaune a gaban amininsa Armin yana ɓarin baki cewa ba ya son ta samu wani namiji, yana son ta riƙa tuna shi ko da na shekara goma ne. Masoya suka rabu biyu. Wasu suka ce Hajime Isayama ya rushe tauraronsa da hannunsa. Wasu suka ce a'a, wannan ne Eren na ainihi, dutsen ne abin rufe fuska.

Abin lura shi ne yadda aka yi gardamar. Ɓangare ɗaya ya kawo alkawarin da ya yi mata na naɗa mata mayafin wuya har abada, da daren da ya tambaye ta shi mene ne a wurinta ta ce dangi. Ɗaya ɓangaren ya kawo duk shekarun da ya yi yana ture kulawarta kamar ta uwa mai takura. Kowa da hujjarsa daga cikin labarin. Ke nan fahimta na iya bambanta, amma ba kowace fahimta ke da madogara ba. Akwai tazara tsakanin "na karanta shi daban" da "ban damu da abin da aka rubuta ba".

Ni ina tare da masu cewa Eren ne. Yaron da muka fara sani mai kuka ne, mai zafin kai, mai faɗin abin da bai kamata ba a lokacin da bai kamata ba. Inda nake ganin gazawar Isayama shi ne ya rufe mana zuciyar yaron kusan duk kashin ƙarshe na labarin, sannan ya buɗe ta a shafuka kaɗan, ya bar mu mu yi ta haɗa zare da kanmu. Watannin da Eren ya yi shi kaɗai a Marley, ƙasar abokan gaba, sanye da kayan sojan da ya rasa ƙafa, yana sane da abin da zai aikata kuma yana sane da amsar da Mikasa ta ba shi, an nuna mana su ta waje ne kawai. Wanda zai zauna ya rubuta abin da ke kai-kawo a ransa game da ita a wannan tsakanin, da bakin Eren ba da bakin wani mawaƙi ba, shi nake nema in karanta.